Faifan Hajjo da Igiya Mai Kai Biyu

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi da ya ba ni harshen nan ya kuma bar mini shi bayan haƙora sun yi sallama. Hauwa, rubuta yadda na faɗa. Kada ki gyara mini magana don ki nuna kin yi makaranta, in na maimaita abu ki maimaita shi, da dalili na maimaita.

Na ji abin da kuke faɗa, ku jikoki, har da waɗanda aka yaye shekaranjiya. Wai Iya Kande ta manta waƙar gidansu, sai da kwamfuta ta tuna mata. An faɗa a nan Roni, an kai Gwiwa, har wata sa'ata ta tare ni a gidan suna tana dariya tana cewa ta ji na shiga makarantar inji da tsufana. Ni da nake zaunar da yaran unguwa guda da tatsuniya tun ba a haifi iyayenku ba! Ban taɓa riƙe alli ba, amma abin da ya shiga kunnen nan ya sami ɗaki ya zauna. To ku gyara zama in ba ku labarin shekarar auren Rabi yadda ya faru, in kun ji sai ku daina yi mini ƙarya.

A gidanmu akwai abin da ake yi ana gobe kai amarya. Da hantsi maza su koma zaure, a fito da turmi tsakar gida, a zuba geron furar amarya, mata biyu su yi lugude. Suna daka suna kiran matan da amaryar ta fito daga tsatsonsu, ɗaya bayan ɗaya, kowace da abin da aka san ta da shi, ana gayyatarta bikin jikarta. Wadda aka tsallake sunanta mukan ce an bar ta tsaye a ƙofar gida. Mahaifiyarmu, Allah ya haskaka kabarinta, ita ta raba mana kiran gida biyu, ni da ƙanwata Hajjo. Ni ta ba ni matan wajen uba, Fulanin gefen Gwiwa, masu ƙwarya da shanu. Hajjo ta ba ta matan wajen uwa, mutanen Babura, waɗanda wasunsu daga hayin iyaka aka auro su. Ranar da ta gama koya mana, kowace a ɗakinta daban, sai ta zaunar da mu ta ce:

"Baki ɗaya ba ya ɗaukar duka biyun. In ɗaya ta iya duka, ranar da kuka saɓa ba za ta nemi 'yar'uwarta ba. Haka kuwa, ko ba kwa magana, biki zai haɗa ku a turmi ɗaya."

Kun ji tushen maganar. Rabin Hajjo bai taɓa zama nawa ba balle in manta shi. Wata za ta ce ai shekara da shekaru kina tsaye kusa da ita tana yi, kunnenki ina yake? Wadda ta faɗi haka ba ta taɓa lugude ba. In 'yar'uwarki na kira, ke ce mai riƙe da sautin daka, ki cilla taɓarya sama ki tafa ki cafe, ki ja numfashi, ki yi guɗa a gaɓar da ta dace. In kika saki hankalinki ya bi sunaye, taɓarya za ta sauka a kan babban yatsan wata. Sunayen farko na sani, kamar yadda kowace mace a dangi ta sani. Amma na can ciki, da jerinsu, da kirarin kowace, waɗannan suna cikin Hajjo, kuma can aka ce in bar su.

Ana miƙa rabin ne in hannu ya fara gajiya da taɓarya. Hajjo kuwa hannunta bai gaji ba. Mace ce mai ƙashi, ta fi ni tsawo, ta fi ni dariya, ana gobe za ta kwanta ma sai da ta yi surfe. Zazzaɓi ya kama ta cikin damina, kafin labari ya gama zagaya dangi an yi mata sutura. 'Yarta Indo ba ta karɓi komai ba, don ba wanda ya zaci lokaci ya yi. Na zauna makoki a Babura, na dawo Roni, daga nan ban sake taka garin ba. Ba faɗa na yi da kowa ba, ku rubuta wannan ma. Indo tana zuwa gaishe ni da salla, ina aika mata da daddawa da kuka. Ƙofar ɗakin Hajjo ce ba na son gani, ɗakin da in na isa tun daga zaure nake jin muryarta tana cewa, "Ga Yaya nan, a ɓoye goro." Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, kuma Allah bai kawo auren 'ya mace a gidan ba, sai maganar turmi ta kwanta.

Sai aka sa ranar Rabi, bayan kaka. Rabi 'yar ɗana na fari ce, wanda ba na kama sunansa, ita ce yayar Hauwa mai rubutun nan. A hannuna ta girma, a bayana ta koyi magana, shi ya sa bakinta ya fi na kowa kaifi. Ranar da aka kawo kayan sa rana, mata na ta buɗa, ni kuwa sai na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Rabi za ta zama amaryar farko da za ta fita gidanmu da rabin iyayenta. Na sami ubanta a zaure bayan la'asar na gaya masa. Ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Iya, ki yi naki rabin mana. Wa zai lura?"

Na ce, "Ni zan lura. Su ma da aka bari a waje za su lura."

"To ki cika da waɗanda kika tuna, sauran ki ɗan daidaita."

Na ce, "Kai in aka aiko maka goron biki da sunan maƙwabcinka, za ka je?"

Yaro ne mai kunya, bai faɗa don raini ba, so yake ya sauƙaƙa mini.

A nan faifai ya shigo. Lokacin auren Indo, Hajjo ta kawo wani mai ɗaukar hoton bidiyo daga Kazaure, da na'ura a kafaɗa kamar ya ɗauko ɗan akuya. Na ce namiji ba ya tsayawa wurin turmi. Hajjo ta ce ai ba shi ke kallo ba, gilashin ne. Har yau ina ganin gaskiyata, amma ranar bikin 'yarta ne, ta fi ni baki. Ya ba mu faifai biyu. Na Indo, yaran gidan suka tsince shi suka rataye a gonar gero don ƙyallinsa ya kori tsuntsaye, rana ta cinye shi. Nawa na naɗe a tsohon kallabi, na sa cikin langa ta ƙasan jere, ban taɓa bari an kunna shi ba tun rasuwarta. Na ciro shi na kira Rabi.

Injin kallon faifai na gidan ya daɗe da mutuwa, kaza har ta yi ƙwai a kansa a ɗakin ajiya. Aka zaga maƙwabta, kowa ya ce ai yanzu a waya ake kallo. Na ce wa Rabi ba komai, ai ke kin yi karatun kwamfuta a Kazaure, ɗauko taki. Ta ɗauko, irin wadda ake ninkewa, siririya kamar faifan tankaɗe. Na juya ta gaba da baya.

Na ce, "Ina bakinta?"

Ta ce, "Iya, na yanzu ba su da bakin faifai."

"To da me suke ci?"

"Da iska, kamar ke in kina fushi da tuwon gidan nan."

Na ce ja'ira, Allah ya haɗa ki da uwar miji mai kunne. Ta yi dariya ta ce akwai wata 'yar na'ura da ake saya daban, a sa faifai a cikinta, a jona ta da kwamfuta da igiya. Ta ce za ta je Kazaure ta nemo, in ba ta faifan ta gwada a can. Na ce faifan nan inda ya je ƙafata na wurin.

Muka hau mota da sassafe, duwatsu na ta wucewa, gero ya sunkuya a gonaki yana jiran lauje. A Kazaure muka shiga Keke har shagon wata mata da ake kira Maman Bulus, mutuniyar wajen Filato ce amma ta daɗe a garin, Hausarta har da karin mutanen nan. Ta ba ni kujera ta ba ni ruwa kafin ta tambayi abin da ya kawo mu, na ce wannan ta sami tarbiyya. Ta ciro 'yar baƙar akwati, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, da igiya a jiki. Igiyar ce ta ba ni mamaki, don daga tsakiya ta rabu, ta yi kai biyu. Na ce ko kuskuren maƙera ne. Ta ce:

"A'a Mama, haka aka yi ta. Abin nan ba shi da wutar kansa, a jikin kwamfuta yake sha, kuma juya faifai aiki ne, yana cin wuta. Wannan kan mai kauri shi ke kai magana ya kawo, ya ɗan ja wuta. Wannan ɗayan ba ruwansa da magana, wuta kawai yake ƙarowa. Wata kwamfutar ramin jona igiya ɗaya ya isa, musamman in cikin ramin shuɗi ne. Wata sai an sa duka biyun. Wata kuma ko kin sa mata goma ba za ta kula shi ba. Ina gaya miki tun yanzu, kada ki dawo ki ce Maman Bulus ta sayar miki da gawa."

Ta duba kwamfutar Rabi ta girgiza kai. Ramukanta ƙanana ne, irin na caja ta waya, kan igiyar ba ya shiga sai da wani ɗan mahaɗi. Ta ba mu shi, amma ta ce ba ta yi alkawari ba. Sai ta ce ga shagon masu buga takardu nan kusa, suna da manyan kwamfutoci, a je a gwada yanzu a huta. Na leƙa. Samari ne cike, wani na cin gyaɗa, wasu na musun ƙwallo kamar za su daku. Na dawo na zauna.

Na ce, "Sunayen iyayena mata ba za su fito a kasuwa ba. 'Ya'ya mazan da suka haifa ma zaure suke komawa."

Rabi ta buɗe baki za ta yi gardama, Maman Bulus ta riga ta. Ta ce, "Bar ta. Mu ma a garinmu akwai waƙar da ba a yi sai a cikin gida."

A ɗakina muka fara gwadawa, an saki labule. Rabi ta jona kai ɗaya ta mahaɗin nan. Wata 'yar fitila ta kama a jikin akwatin, bakinta ya turo kansa waje, ta ɗora faifan ta mayar. Muka ji ya fara juyawa, fuuu, zuciyata ta bi shi. Sai ƙas, ƙas, ya tsaya. Ya sake ɗauka, ya sake ƙas, ya tsaya, kamar tsohon jaki a gindin tudu. Rabi ta ce kwamfutar ta gane shi sarai, har ta rubuta sunansa, wutar da take ba shi ce ba ta kai ba. Ta aro wani abu mai ramuka da yawa wurin ƙawarta don kai biyun su sami wuri, abin ya ƙara lalacewa, don duk daga rami ɗaya suke sha, an raba ɗan abin da dama bai isa ba. Ta ce akwai dabarar sa kai na biyu a cajar waya, amma da irin wutar da ake kawo mana, mai zuwa da ƙarfi ta koma da rauni, ba ta yarda ta yi wasa da faifai ɗaya tilo ba. Na ce ko kin yarda ni ban yarda ba, cire mini abina. Duk ƙas ɗin nan ji nake kamar a fuskar Hajjo ake yi.

Aka gwada a bayan talabijin, shi ko gaisuwa bai amsa ba. Sai uban Rabi ya zo da kwamfutar wurin aikinsu, mai kauri, ramuka biyu jere da juna. Aka sa duka kan biyun. Wannan karon faifan ya juya lafiya lau, sumul, ba ƙas ba tsayawa, har na fara gyara ɗaurin kallabi. Muka zuba ido, gilashi bai nuna komai ba sai wani ɗan rubutu. Rabi ta karanta ta ce masu ita sun ɗaure ta, ba ta karɓar baƙon abu sai da izininsu. Ubanta ya ce shi ba zai taɓa ɗaurin da ba shi ya yi ba, na ce ka yi daidai. To kun ji: ɗaya ta san shi ba ta iya ciyar da shi, ɗaya ta ciyar da shi ta ƙi saninsa. Ana cikin haka aka yanke gero, aka kawo lefe, 'yan Gwiwa suka aiko cewa suna tafe da nono da man shanu. Biki ya matso, ni kuwa ina zaune da iyayena a cikin langa.

Rabi ce ta kira Indo a waya, ban sa ta ba. Ta same ni ina tsince wake a inuwa, ta tsuguna, yadda ta tsuguna na san da magana. Ta ce mijin Indo, Malam Habu, yana buga katin biki da na suna, yana da tsohuwar kwamfuta irin mai akwati daban da gilashi daban, kuma da sola yake aiki, wutarsa ba ta rawa. Bakin faifan da ke jikinta ya daɗe da maƙalewa, amma tana da ramuka gaba da baya, kuma ba wanda ya ɗaure ta. A cikin gida take, ba a shago ba, gidan Hajjo da suka koma da zama bayan rasuwarta.

Na ce, "A wane ɗaki?"

Ta kawar da kai. Na gane ɗakin Hajjo ne.

Ta ce, "Iya, ba ni in je in dawo. Wallahi a ƙirjina zan riƙe shi. Ba sai kin je ba."

Na san za ta riƙe. Ba rashin yarda ba ne. Amma na zauna da waken nan a cinya ina tunani har inuwa ta gusa ta bar ni a rana. In Rabi ta tafi ita kaɗai, Hajjo za ta yi magana a ɗakinta bayan shekaru, ta waiga, ba Yayarta a wurin. Kuma rabin nan ba a waya ake miƙa shi ba, sai babba na tsaye. Uwarmu ta ce biki zai haɗa mu ko ba ma magana. Ba ta ce sai in muna da rai duka ba. Na kakkaɓe zane na ce wa Rabi ta gaya wa Indo ta jiƙa gero.

Hanyar Babura ba ta canza ba, ni ce na canza. Na ɗaure faifan a ƙirji ƙarƙashin zane, Rabi na riƙe da 'yar akwatin da igiyarta. A bayanmu wasu 'yan kasuwa na ta gardamar sefa da naira, ban ji rabin abin da suke cewa ba. Da muka isa zaure na tsaya, na jira, ba wanda ya ce a ɓoye goro. Indo ta fito da gudu ta rungume ni tana "Inna, Inna," ta yi ƙiba, ta ɗauko tafiyar uwarta ba ta sani ba. Malam Habu ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Aka kawo ruwa, aka kawo fura, na ce a ajiye, a fara abin da ya kawo ni tun ƙafata na ɗauke da ni.

Ba zan ɓoye muku ba, shiga ɗakin nan ya ci mini rai. An fitar da gadon, an raba jeren, an shafe bango da farin fenti. Inda take shimfiɗa buzun salla nan aka kafa tebur, ga kwamfuta a kai tana huci, ga katunan auren mutane a tare. Ƙusar da take rataya carbi kaɗai ta rage, an rataya mata wata igiyar wuta. Da na tarar da ɗakin yadda ta bar shi da na yi kuka na huta. Wannan kuwa ba abin da za ka yi wa kuka, kuma shi ya fi ciwo. Indo ta shimfiɗa mini tabarma na zauna na miƙe ƙafa.

Rabi ta sa kan igiyar biyu a ramukan gaba. Fuuu, ƙas. Fuuu, ƙas. Na rufe ido na ce shi ke nan, na zo na ga bango. Sai na ji Malam Habu yana cewa:

"Na gaban nan ragwaye ne, ko na'urar buga katina ba sa ɗauka. Bari a juyo ta."

Shi da Rabi suka ja teburin, suka juyo da akwatin kwamfutar, ƙura ta tashi, gizo-gizo ya gudu. Rabi ta durƙusa ta lalubo ramuka biyu a baya, ta sa mai kauri, ta sa ɗan'uwansa. Faifan ya ɗauka. Na jira ƙas, ban ji ba. Ya yi ta juyawa da murya ɗaya, shiru-shiru, kamar mazari a hannun gwana. Malam Habu bai jira an gaya masa ba, ya sa takalmi ya ce yana zaure in an neme shi. Allah ya yi masa albarka.

Gilashi ya yi haske, sai ga tsakar gidan nan da muke ciki, cike da mata. Ga turmi. Ga ni, da sauran haƙorana. Ga Hajjo da ɗaurin nan nata mai karkata gefe, tana gyara zane, tana tofa yawu a tafin hannu. Kun san abin da ta fara faɗa, bayan duk shekarun nan da na yi ina tsoron muryarta? Ta dube ni ta ce:

"Yaya, sassauta hannu, turmin aro ne."

Dariya ta ƙwace mini. Na yi dariya har na riƙe ciki, Indo na dariya tana share hawaye, Rabi na cewa ashe tun da can haka kike. Sai daka ya fara, na ji kaina ina kira:

"Dije ta Gwiwa mai farar ƙwarya,
Taso, jikarki za ta ɗaki."

Wannan kowa ya sani, shi ya sa na bari a rubuta. Na kai ƙarshen nawa, na cilla taɓarya, Hajjo ta karɓa. Muryarta ta cika ɗakin har ƙusar bango. Na kalli fuskarta, ban bi sunayen ba, fuskar na zo gani. Da ta kai ƙarshe aka yi guɗa, Rabi ta tsayar. Ta ce ta kwafe shi cikin kwamfutar, za ta zuba wa Indo a waya, yanzu ko faifan ya fashe magana ta tsira. Ta ce bari a mayar daga farkon rabin Hajjo, a yi ta maimaitawa har ya zauna.

Nan ne wurin da nake so ku buɗe kunne. Na miƙe, na naɗe faifaina a kallabinsa, na ce wa Indo:

"Daga yau rabin nan naki ne. Uwarki ce za ta koya miki da bakinta, ni shaida ce kawai. Zauna ki karɓa."

Rabi ta ce, "Iya, ina za ki? Ke da kike haddace abu a ji ɗaya, ki zauna mana, in mutum biyu suka iya ai ya fi tsaro."

Na ce, "Shi ya sa zan fita."

Na fita na ja musu ƙofa. Na zauna can gindin bishiyar darbejiya inda sautin ba ya kaiwa, na sha furata, yaran gidan suka kewaye ni na yi musu tatsuniya da rana tsaka, abin da ban saba ba. Da na so, da kafin la'asar na haɗiye rabin nan duka. Ba wanda zai hana ni, uwar da ta kafa sharaɗin tana ƙasa. Amma in na iya duka, me zai sa in sake hawa motar Babura?

Ranar turmi ta zo. Gida ya cika, 'yan Gwiwa da ƙorensu, 'yan Babura da Indo a gaba, har Maman Bulus ta zo da kwanon kyauta, muka zaunar da ita cikin mata. Uban Rabi ya aiko daga zaure wai in hannuna ba zai iya ba a kunna wayar Indo a sa a lasifika. Na ce a gaya masa waya ba ta daka. Na tofa yawu a tafi na ɗauki taɓarya. Ban cilla ta sama sosai ba, gaskiya, amma na cilla. Na kira nawa har ƙarshe ba wadda na bari a waje. Indo ta karɓa, ni kuwa ina riƙe mata da sauti, idona a kan turmi. Ban san ta kai ƙarshe ba sai da na ji ta ƙara wani suna da ba ya cikin faifai:

"Hajjo ta Babura mai karkataccen ɗauri,
Taso, jikarki za ta ɗaki."

A nan taɓarya ta kusa kuɓuce mini, karo na farko a rayuwata. Na cafe. Na yi guɗar da sai da aka ji ta a bakin titi. Rabi na zaune cikin lulluɓi, na ga kafaɗarta na motsi, ta tafi ɗakinta da iyayenta cif, ba wadda aka bari a ƙofa.

Yanzu Rabi na da 'ya'yanta a Kazaure. 'Yar akwatin da igiyarta mai kai biyu suna cikin langa tare da faifan, an ce kwamfutocin da za su karɓe ta sai ƙara ƙaranci suke, ban damu ba, ta yi aikinta. Babura kuwa ina zuwa duk bayan kaka, a ɗakin nan nake sauka, Malam Habu ya matsar da teburinsa ya sa mini katifa. Har yau in kuka ce in kawo rabin Hajjo ba zan wuce sunayen farko ba, kuma ba kunya nake ji ba. To wace waƙa kwamfuta ta koya mini?

Hannuna ya fara gajiya, bana na ji shi a kafaɗa. Hauwa, abin da ya rage ba na takarda ba ne. Ajiye biron nan, rufe ƙofa, ɗauko taɓarya.